Taƙi Ɗaya Gabas, Taƙi Ɗaya Yamma

Bronx, 19 ga Oktoba

Kawu Hamidou,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna da sauran mutanen gida. Mu nan lafiya lau. Maigidana Mahamadou yana gaishe ka. Yana nan da teburinsa a bakin titi, sanyi ya fara shigowa, huluna sun fara tafiya. Na ba Alhaji Saani takardar ne tunda zai zo gida, don waya da kai wahala ce. Kunnenka ya yi nauyi, sai an buɗe murya, kafin in gama magana duk unguwa ta ji.

Yaya ƙafar Inna? Kullum "da sauƙi" take ce mini, kuma fuskarta kaɗai nake gani a waya. Kai ne yayanta, kai ne mai magani, ka faɗa mini yadda gyambon yake tsakani da Allah. Na san ciwon sukari ba ya barin miki ya rufe da wuri.

Ka tambayi aikina. Ina nan wurin tsohuwar nan, Madam Ofeliya, a unguwar Soundview. Ni ke yi mata wanka, in dafa, in ba ta magani. Malamar makaranta ce a da. Ƙafafu sun daina aiki, amma kai garau, baki kuwa ba a magana. Gadonta yana ɗakin sama a jikin taga, kuma tun safe ba ta da aiki sai kallon wata bishiya a bayan gida. Birch suke ce mata. Fara ce fat kamar an shafe ta da alli, ta fi benen tsawo. Mijinta ne ya dasa ta a shekarar da zai rasu.

Abin da zai ba ka dariya, Kawu, littattafai gare ta cike da waƙoƙin da aka yi wa irin wannan bishiya. Ba ta 'ya'ya, inuwarta ba ta isa akuya biyu ba, amma manyan malamai sun zauna sun tsara mata baitoci, yadda ganyenta ke komawa ruwan ɗorawa, yadda take haske a cikin duhun daji. Na ce mata mu a gida sarki ake yi wa waƙa, ko ɗan kokowa. Ta ce to wannan dai ba ta taɓa karɓar harajin kowa ba.

Ɗanta da ke Florida yana so ya sayar da gidan, ya kai ta gidan tsofaffi. A gabana ta ce masa, "Ranar da bishiyar nan ta faɗi ka zo ka ɗauke ni. Kafin nan kada ka sake tayar mini da maganar." Ya yarda, don ya san uwarsa. Ni ma na ji daɗi ƙwarai, domin zamana da ita ya wuce na aiki, son ta nake yi.

Fatar bishiyar tana saɓulewa da kanta, siririya kamar takarda. Na tsinci guda a ƙasa na sa maka a ciki, tunda kai mutumin itatuwa ne.

Taka,
Raudatu

Maraɗi, 2 ga Disamba

Ɗiyata Raudatu,

Takardarki ta iso da sabulu da man zafi, Allah shi yi albarka. Muna lafiya. An gama girbi, gero ya yi dama-dama, wake ne tsutsa ta ɓata. Ki ce wa Mahamadou hular da ya aiko ta rufe mini ido, kaina bai kai na Amurkawa ba.

Kin ce in faɗi gaskiya, to ga ta. Gyambon ya kai faɗin bakin kofin shayi, yana ruwa. Na yi bagaruwa, na yi sassaƙen marke, na yi na maɗaci. Sai shi bushe kwana biyu shi dawo. Likita ya ce in bai rufe ba kafin zafi ya shigo, za a yi maganar yanka. Innarki ta ce gara a binne ta da ƙafarta.

Yanzu maganar fatar iccen da kika aiko. Ke dariya ta ba ki, ni ba ta ba ni ba. Na jiƙa, na tauna, na kai gefenta bakin wuta, sai ta kama kamar an zuba mata mai. Iccen da ke da mai a jiki, yake tuɓe fatarsa shi yi sabuwa, wannan maganin fata ne ko shakka babu. Tun kafin a haife ki nake sana'ar nan, ban taɓa riƙe irinsa ba. Kuma mutane ba su yi wa icce waƙa haka kawai. Kakanninsu sun san amfaninsa, jikokin ne suka manta suka riƙe waƙar.

Amma abin da kika tsinta a ƙasa matacce ne. Mai rai nake so. Ki je da asuba kafin rana ta fito. Ki yi masa sallama, ki faɗa masa sunan majinyaciya. Ki sassaƙo taƙi ɗaya ta gabas, taƙi ɗaya ta yamma, tsawon kamu guda, har wuƙa ta taɓa itacen ciki. Kada sassaƙen shi taɓa ƙasa. In kin gama ki kwaɓa laka ki shafe wurin. Haka muke yi wa maɗacin bakin kasuwa tun zamanin kakanki, ga shi nan tsaye, mahauta na barci a gindinsa.

Kawunki,
Hamidou

Bronx, 14 ga Janairu

Kawu,

Ina gaisuwa, ina yi wa Inna sannu. Muna lafiya, sai dusar ƙanƙara da ta hana Mahamadou fita kwana biyu. Takardarka ta hana ni sukuni. Maganar yanka ban taɓa jin ta daga bakin Inna ba.

Kawu, ka yi haƙuri, bishiyar nan ba tawa ba ce, kuma ba ta da jiki. Na ɗan zagaya da maganar wajen Madam, na ce mu a gida ɓawon itace magani ne. Ta ce nan ma a da haka ne, amma tata ko igiyar shanya ba a ɗaura mata. Ta taɓa yin faɗa da maƙwabci a kan haka, har yau ba sa gaisawa.

Na nemi wata. Akwai su a lambunan gwamnati, amma ko reshe ka karya kama ka za a yi, ga takarduna na zaman ƙasa har yanzu suna hannun lauya. Mahamadou ya ce in na kuskura in shiga lambu da wuƙa, in fara haɗa akwatina. Dajin da suke da yawa kuma can arewa ne, tafiyar yini, mu ba mota ba. Na bi shagunan 'yan Ghana a Morris Heights, wata Hajiya Tahiratu ta kai ni wurin masu sayar da magungunan ganye, na samu garinsa a kwalba. Ga shi nan na ba wani yaron Zinder da zai biyo ta Maraɗi. Don Allah ka gwada shi, kuma kada a daina zuwa wurin likita.

Raudatu

Maraɗi, 10 ga Maris

Raudatu,

Muna lafiya, ya azumi? Garin kwalba ya iso. Na buɗe, na shinshina, na rufe. Wa ya sassaƙo shi, ta wane gefe, da sunan wa? Na dai sa wa Innarki don kada a ce ban sa ba. Bai yi komai ba.

Kin ce iccen ba shi da jiki. Ke da hannunki kika rubuta mini ya fi bene tsawo. Iccen da ya fi bene, har malamai na yi masa waƙa, shi ne taƙi biyu za su dame shi? Haba ɗiyata. In tsoron aikinki kike ji, ki faɗa, ba abin kunya ba ne. Amma kada ki koya mini icce.

Zafi ya shigo. Gyambon ya fara wari, yara sun daina shiga ɗakinta, ita ma ta lura. Likita ya ba da ƙarshen Afrilu. Tsohuwarki tana da ɗa, in ma ta bar gidan nan akwai gado da likita suna jiran ta. Innarki ƙafa biyu kaɗai gare ta. Ban gaya mata kin ƙi ba, na ce sanyi ne ya hana. Na ji Alhaji Saani zai taso daga wajenku tsakiyar Afrilu. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba.

Hamidou

Bronx, 13 ga Afrilu

Kawu,

Barka da Salla, ina gaida Inna. Ga saƙon nan, na naɗe shi a farin ƙyalle, wanda na ƙulla wa baƙin zare shi ne na gabas.

Ranar Asabar nake kwana a gidan Madam. Bayan na yi asuba na ɗauki wuƙar kicin na sauka wurin bishiyar. Na yi sallama, na faɗi sunan Inna, duk yadda ka ce. Ban sha wahala ba, ɓawon ya taso da kansa, jiƙe sharkaf. Da na gama gabas na zagaya yamma na auna taƙina, sai na ga abin da zai rage mata a kowane gefe bai wuce yatsa uku ba. Kaurinta duka kamar cinyar mutum ne, Kawu, tsawon ne kawai. Na tsaya da wuƙa a hannu na daɗe. Sai na tuna ka ce yara sun daina shiga ɗakin Inna, na yanka.

Abin da ban sani ba, ruwa gare ta. Ya dinga zuba, fari tas kamar na famfo, yana wanke lakar da na shafa. Kusan mako guda kullum da safe sai na sake kwaɓa wata. Yanzu ya tsaya. Daga tagar Madam ba a hango gindin, sai daga tsakiya zuwa sama, kuma ba mai shiga bayan gidan sai ni.

Bishiyar ta fara toho. Jiya Madam ta kira ni in zo in gani, ta ɗauko littafi ta karanta mini waƙar sabon ganye, tana fassara mini da hannu. Na ce na bar tukunya a wuta, na fita. Ba na iya haɗa ido da ita, wallahi kunya nake ji. Allah ya sa a dace, ya sa kada a kai ga wuƙar likita.

Raudatu

Maraɗi, 25 ga Mayu

Ɗiyata,

Saƙo ya iso, Allah shi saka miki, shi ba ki masu yi miki. Kin yi yadda aka ce, aikinki ya yi kyau. Innarki da sauƙi, tana ci tana barci, tana gaishe ki. Tunda icce ya yi toho, ki kwantar da hankalinki. Maganganun da na yi miki a takardar baya ki yafe, zafi ne da azumi. Hadari ya fara haɗuwa, muna gyaran gona.

Kawunki

Bronx, 21 ga Satumba

Kawu,

Ina fatan kuna lafiya, damina ta yi albarka. Na rubuto sau biyu ban ji daga gare ka ba, ko ba su iso ba ne? Mu lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Bishiyar ta mutu. Ta yi ganye sosai har Yuni, na ce shi ke nan, Kawu ya fi ni sani. Da zafin Yuli ya zo sai kanta ya fara yin ja, ganye na zuba alhali na maƙwabta kore shar. Madam tun tana cewa ƙishirwa ce, tana sa ni ina ɗura mata ruwa da bokiti, har ta daina cewa komai. Ɗanta ya zo daga Florida da wani likitan itatuwa. E, akwai su nan, da mota da na'urori.

Mutumin ya kankare lakar ya duba, ya hau sama ya yi mana bayani a ɗakin Madam, ina tsaye da faranti. Ya ce abincin da ganye ke yi ta ƙarƙashin fata yake bi ya sauka zuwa saiwa, in aka yanke hanyar sai saiwa ta mutu da yunwa. Ganyen da muka gani da bazara ajiyar bara ce bishiyar take ci. Ya ce irin wannan bishiya a daji ita ce ke fara fitowa inda gobara ta ci, ta yi sauri ta yi tsawo, manyan itatuwa su taso a inuwarta, ita kuma ba ta daɗewa. Fatarta siririya ce, ba ta iya rufe babban rauni, ga ƙwaro ya riga ya shiga ta wurin. Ya ce a sare ta kafin iskar hunturu ta kayar da ita a kan rufin maƙwabci.

Ɗan ya ce yaran unguwa ne, zai kira 'yan sanda. Madam ta ce kada ya kira kowa. Ta ce, "Yaran banza ba sa yanka abu su koma su shafa masa magani." Da suka fita ta ce, "Raudatu, ajiye farantin nan ki zauna." Na faɗa mata komai, da gyambon, da gabas da yamma, da sallamar. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ranar ba ta ci abinci ba. Rana ta uku ina taje mata kai ta ce, "Ƙafar ta warke?" Na ce sun ce da sauƙi. Ta ce, "Ba sauƙi na tambaye ki ba."

Za a sare bishiyar farkon Nuwamba, kuma an riga an kama mata ɗaki a gidan tsofaffi. Ɗan bai ma tuna mata alkawarin ba, ita ta tuna masa. Ni kamfanin da nake yi wa aiki zai ba ni wani gida, wannan ba ya damu na. Abin da ke damu na tambayarta. Na ce Inna ta nuna mini ƙafar a waya, ta ce waya ba ta da caji. Kawu, na haɗa ka da Allah ka faɗa mini, sassaƙen ya yi aiki?

Raudatu

Maraɗi, 18 ga Oktoba

Ɗiyata Raudatu,

Muna lafiya. Takardunki duka sun iso, amsar ce ta gagare ni.

Tunda kin haɗa ni da Allah. An yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa, kafin Afrilu ya ƙare. Zazzaɓi ya rufe Innarki, ta daina gane mutane, muka kai ta likita cikin amalanke, ba su jira ba. Alhaji Saani ya tsaya Lome wajen fitar da kayansa, bai iso Maraɗi ba sai da ta dawo gida. Sassaƙenki bai taɓa jikinta ba. Yana nan rataye a rumfata cikin ƙyallensa. Ko da ya iso da wuri zai yi ko ba zai yi ba, ban sani ba. A da na ce na sani.

Ita ta hana a gaya miki. Ta ce kina can ke kaɗai cikin sanyi, ba zuwa za ki iya yi ba, kuka kawai za ki yi a ɗakin mutane. Wurin ya warke sarai. Tana tafiya da sanduna biyu, har tana zuwa gidan suna. Ta yi ƙiba ma.

Da na karanta kin ce kaurin iccen kamar cinya ne, na ɗauki zare na zagaya cinyata, na ɗora taƙi biyu a kai. Ni a idona maɗaci nake gani, don ban taɓa ganin icce mai tsawon bene da ba shi da jiki ba. Kin faɗa mini tun Janairu, na ɗauka tsoro ne. Da na ji ki, yatsa biyu zan ce, a gefe guda. Ni na kashe iccen nan, ke hannu kawai kika ara mini. Ki gaya wa tsohuwa akwai wani tsoho a Maraɗi yana roƙon ta gafara. Ban san yadda ake faɗinsa da harshensu ba, ke kin sani.

Kawunki,
Hamidou

Bronx, 9 ga Nuwamba

Kawu,

Ina gaisuwa. Takardarka a cikin bas na karanta ta, na wuce tashata ban sani ba. Na yi kukan da Inna ta ce zan yi. Ka gaya mata na ji, kuma ban yi fushi da ita ba. Kai ma ban yi fushi da kai ba, ni na riƙe wuƙar, kuma na ga kaurin da idona.

Ranar Talata aka sare bishiyar. Mutum uku ne da injin, kafin in gama wanke kwanuka sun gama. Na so in ja labule, Madam ta ce in bari. Ranar Alhamis motar gidan tsofaffi ta zo. An sauko da Madam a kujera, ɗanta yana gaba da akwatin littattafai. A bakin ƙofa ta ce su dakata, ta kama hannuna ta ce, "Amsa ta zo?"

Na ce ta zo, Madam. Ta warke, tana zuwa kasuwa da ƙafarta.

Ta kalle ni ta ce, "To, madalla. Ashe tana da amfanin da ban sani ba." Ta ce wa mutanen su tafi. Ban taɓa jin ta yi magana cikin sanyi haka ba. Allah ya yafe mini, amma ban ga yadda zan sa ta a motar nan da ɗaya amsar ba.

Gafarar da ka ce in roƙa maka ban roƙa ba, don in na roƙa za ta gane. Ranar Lahadi na je na duba ta. Tagarta wurin ajiye motoci take kallo. Ta ce tana son hoton Inna a tsaye, za ta sa a gefen gadonta.

Saboda haka, Kawu, ka sa Inna ta ɗaura zane mai tsawo har ƙasa. A jingina ta da bango, a janye sandunan, a ɗauka. Ka ce mata ta yi murmushi.

Taka,
Raudatu